Injin Kaftu a Lambunan Jos: Wanne Ya Dace, Wa Kuma Ya Kamata Ya Saya?

Kabejin da ake saukewa da asuba a kasuwar Kwararafa, da karas da latas da koren waken da ke cika Farin Gada kafin manyan motoci su kwashe su zuwa Kudu, kusan dukkansu daga ƙasar da aka kafce da hannu suka fito. Garma ce da diga da ƙugun ɗan Adam. Ban-ruwa ya daɗe da komawa hannun inji a lambunan Jos, domin jigo ya kau tun da injin fetur ya yaɗu a shekarun 1980, yanzu ma na hasken rana ya fara leƙowa. Gyaran ƙasa ne ya tsaya inda kakanni suka bar shi, shi ne kuma aikin da ya fi cin ƙarfi. Da zarar ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, kowane mai lambu na neman 'yan ƙwadago a mako guda, majiya ƙarfin kuwa da yawansu sun tafi haƙar kuza ko tuƙin Keke Napep. Wanda ya makara da shuka ya makara da kasuwa.

Wannan matsi ne ya sa ake yawan tambaya a kan ƙaramin injin kaftu da 'yan kasuwa ke kira fawa tila. Inji ne da ake bi a baya ana riƙe da hannuwansa biyu, a ƙarƙashinsa akwai sandar ƙarfe mai ɗauke da lanƙwasassun wuƙaƙe da ke juyawa suna saran ƙasa suna marmashe ta. Ba sabon abu ba ne a duniya. Wani ɗan Ostireliya, Arthur Clifford Howard, ya fara gwada irinsa a gonar mahaifinsa a 1912, daga baya ya kafa kamfani a Ingila a 1938, manoman shinkafa na Asiya kuma suka rungume shi suka mayar da shi nasu. A wurinmu ne yake baƙo. Baƙuncin nan kuwa shi ya sa mai saye ke shiga shago da tambaya ɗaya tak a bakinsa: ƙarfin doki nawa ne? A ganina wannan ce tambayar da ya kamata ta zo ƙarshe. Akwai uku da ke gabanta: wace irin ƙasa gare ka, wa zai gyara maka idan ya lalace, kuma kwana nawa zai yi aiki a shekara?

Ƙasar Jos ba ɗaya ba ce, dalilin kuwa yana cikin tarihin garin. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka shiga haƙar kuza a kan tsaunin, suka birkice ƙasa mai faɗin da masu bincike suka ƙiyasta ya haura murabba'in kilomita 300. Sun tafi sun bar tsibin ƙasa da ɗaruruwan kududdufai daga Rayfield zuwa Bukuru har Barikin Ladi. Noman lambun kansa a gindin kuza ya girma: Hausawa 'yan ci-rani ne suka fara shuka wa Turawan ma'adinai kayan ganyen da suka saba ci, sanyin wurin ya karɓe su, daga baya sauran al'ummomin yankin suka shiga sana'ar sosai. Saboda haka mai lambu a yau yana kan ɗaya daga cikin ƙasa iri uku. Akwai fadamar bakin kogi irin ta Dilimi, mai laushi, wadda aka shekara da shekaru ana juya ta ana zuba mata taki. Akwai ta gefen kududdufan kuza, cakuɗen yumɓu da yashi da tsakuwa, wadda idan ta bushe sai diga. Akwai kuma jar ƙasa mai nauyi irin ta wajajen Panyam da Kerang, wadda ta samo asali daga duwatsun aman wuta, mai albarka amma mai danƙo idan ta jiƙe.

Injin da zai yi wasa da ta farko zai yi ta tsalle a kan ta biyu kamar ana korar sa. Abin da ke sa wuƙaƙe su nitse a ƙasa mai tauri nauyin injin ne da tsarin giyarsa, lambar da aka manna a jikin tanki ba ta da wani tasiri a nan. Mara nauyi, kome ƙarfinsa, yana hawa kan busasshiyar ƙasa ne ya ja mai shi a guje, a tashi aiki da ciwon kafaɗa ba a kafce kamu ɗaya ba.

Abin da ke kasuwa ya kasu kashi huɗu, ko da yake masu shago ba su cika rarrabewa ba. Na farko shi ne ɗan mitsitsin nan mai inji irin na yankan ciyawa, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai, girman injinsa bai wuce cc 43 zuwa 52 ba. Mutum ɗaya na iya saɓa shi a kafaɗa. Araharsa ce ke jan mutane, bidiyonsa kuma ya cika Facebook da TikTok, kullum ana nuna shi a ƙasar da aka riga aka kafce. Aikinsa na gaskiya shi ne noman ciyawa tsakanin layukan kabeji ko tattasai da cakuɗa taki a saman ƙasa. Wanda ya saye shi don buɗe lambu a watan Nuwamba ya yi asarar kuɗinsa, kuma ba laifin injin ba ne.

Na biyu shi ne mai injin fetur na doki 6.5 zuwa 7, wanda za ka ga an rubuta 168F ko 170F a jikinsa. Ba shi da tayoyin da ke tura shi yayin aiki, wuƙaƙen ne ke kaftu kuma su ke jan sa gaba, wani ƙarfe a bayansa yana karce ƙasa yana rage masa gudu. Nauyinsa yakan kama daga kilo 60 zuwa 90, faɗin da yake ci kuma daga santimita 60 zuwa mita guda, gwargwadon yawan wuƙaƙen da aka ɗaura. Na uku ɗan'uwansa ne mai injin dizal da iska ke sanyayawa, 178F ko 186F, doki 6 zuwa 10. Ya fi nauyi nesa, yakan haura kilo 100, yana da ƙarfin ja a ƙaramin gudu, shi ya sa ya fi cizo a ƙasa mai tauri. Na huɗu shi ne babban yayansu, tarakta mai ƙafa biyu ta doki 12 zuwa 18, irin ta kamfanonin Dongfeng da Sifang na Sin ko VST na Indiya, mai tayoyi a gaba da wuƙaƙe a baya, wadda ke jan tirela. Tana da nauyin ɗaruruwan kilo. Ta manoman shinkafa ce da masu hekta biyu zuwa sama. A lambun da aka yanka ƙanana, aka ratsa shi da magudanan ruwa da tiyo, juyawa kaɗai sai ta cinye rabin yini, don haka ba zan daɗe a kanta ba.

Gardamar gaskiya tana tsakanin na biyu da na uku, kuma kafin a shiga cikinta akwai wani abu da ya keɓanta da Jos wanda ba a faɗa wa mai saye. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku. Iskar sama ba ta kai ta ƙasa kauri ba, inji kuwa da iska yake ƙona mai. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce ƙaramin inji na rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau. Ke nan injin da aka rubuta wa doki 7 a masana'anta, da ya iso Jos ya zama doki 6 da 'yan kai, a Bokkos ko Pankshin ma haka ko ƙasa da haka. Wannan kuma idan lambar farko gaskiya ce, domin ba a rasa injin da aka yi wa ƙarin girma da fenti. Wanda ke tsakanin girma biyu yana shawara, ya ɗauki na saman.

Duk da haka, ga mai lambun da bai wuce hekta ɗaya ba kuma ƙasarsa ta saba da garma, na fetur nake zaɓa masa. Hujjata ba ta cikin ƙarfi ko shan mai. Injin 168F kwaikwayon Honda GX160 da GX200 ne, wato injin da ke kan yawancin famfunan ban-ruwa masu inci 2 da inci 3 da ke bakin kowane kududdufi, da kuma ƙananan janaretoci da injinan niƙa. Bakaniken da ke gyara maka injin ban-ruwa ya san cikinsa da idonsa a rufe. Kafireta, fulogi, igiyar tayarwa, zobban fistan, duk ana samun su a shagunan kayan gyara na Dilimi da Bukuru ba tare da an aika Kano ko Legas ba. Idan ma ya mutu murus a tsakiyar aiki, sau da yawa ana iya kwance wani irinsa a ɗaura, muddin bakin sandar injin ya zo ɗaya. Abin da ya sa injin ban-ruwa ya ci nasara a lambunan nan ke nan tun farko: ƙarami ne, ana ɗauka a kai gida, kowa na iya gyara shi. Duk injin da zai zauna a lambu sai ya cika waɗannan sharuɗɗa.

Na dizal ya fi ƙarko, ya fi tsimin mai a awa guda, ya fi dacewa da ƙasar kuza da jar ƙasa mai nauyi. Amma yana da sharuɗɗansa. Nozul da famfon mansa ba sa yafe gurɓataccen mai, man jarka na bakin hanya kuwa kowa ya san halinsa. Tayar da shi da igiya a sanyin asubar Disamba a Jos aiki ne na ƙato, sai in an sayi mai batir da makulli, wanda shi ma ƙarin kuɗi ne da ƙarin abin lalacewa. Masu gyaransa ba su kai na fetur yawa ba. Wanda zai riƙa yi wa mutane aiki a biya shi, yana kaftu daga safe zuwa yamma mako bayan mako, shi dizal ke biya wa bukata.

Bayan injin sai abin da ke kai ƙarfinsa ga wuƙaƙe. Akwai mai bel da sarƙa, akwai mai giya zalla. Mai bel ya fi araha, kuma yana da wata fa'ida da ba a yaba masa: idan wuƙa ta ci karo da dutse, bel ne ke zamewa ya ɗauki dukan, bel kuwa kuɗinsa kaɗan ne. Mai giya ba ya zamewa, ya fi cizo, ya fi daɗewa, amma ranar da haƙorin giya ya karye za a san an yi ɓarna, domin a nan ne kayan gyara ke wuya. Injin iri ɗaya ne a ko'ina, akwatin giya kuwa kowane kamfani da nasa. Saboda haka tambayar da za a yi wa mai shago ita ce ya fito da wuƙaƙe na canji, da sil ɗin sandar wuƙaƙe, da wayar kuloci, da haƙoran giya, ya ajiye su a kan tebur. In ya ce suna hanya, a bar masa kayansa. Ni dai na fi son mai giya a ƙasar da ba duwatsu, mai bel kuma a inda tsakuwa da marmara suka yi yawa.

A duba giyar baya. Injin kilo 80 da ya nitse a lungun lambu, ba giyar baya, sai an taru a ciro shi. A duba ko ana iya rage wuƙaƙe a mayar da faɗinsa santimita 60 ko ƙasa, don shiga tsakanin layuka da kuma ƙasa mai tauri, inda cin kaɗan-kaɗan ya fi. A duba ko hannuwan na juyawa gefe, don kada mai aiki ya riƙa taka inda ya gama kafcewa. Matatar iska kuma ta zama mai wanka da baƙin mai, domin ta soso ko takarda ba ta jure ƙurar hunturu haɗe da wadda injin ke tayarwa da kansa, kuma ƙura ce ke kashe yawancin ƙananan injuna kafin lokacinsu.

Yanzu ga lissafin da ya fi kowanne muhimmanci, wanda kowa zai iya yi da alƙalami. Ɗauki injin da ke cin faɗin santimita 80, yana tafiyar kilomita ɗaya da rabi a awa. A takarda zai kafce murabba'in mita 1,200 a awa guda. Cire lokacin juyawa da cire ciyawar da ta naɗe wuƙaƙe da hutun mai aiki, ka kuma tuna sai an bi ƙasa sau biyu kafin ta yi laushin shuka, za ka ga abin ya dawo wajen 500. Lambu mai rubu'in hekta, wato murabba'in mita 2,500, aikin awa biyar ne ko shida. Yini guda ke nan. In ana shuka sau uku a shekara, injin ya yi aikin kwana uku, a ƙara masa wasu 'yan kwanaki na noman ciyawa. Sauran kwana 350 da ɗoriya yana jingine a zaure, fetur na tsami a kafireta, tsatsa na cin wuƙaƙe, kuɗin da aka zuba a kansa kuwa da sun sayi taki da iri na rani biyu.

Man da zai sha ba shi ne matsalar ba, ko da yake tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 kowane mai lambu ya koyi ƙirga lita. Injin doki 6.5 yana shan wajen lita ɗaya da rabi a awa idan yana aiki sosai, ke nan ƙasa da lita 10 ta gama wancan lambun, abin da bai kai kuɗin 'yan ƙwadago da abincinsu ba. Matsalar tana ga kuɗin sayen, wanda ya bi dala ya yi sama tun da aka saki naira a watan Yunin 2023. Injin ba ya mayar da kuɗinsa sai yana aiki, ba kuma zai sami isasshen aiki a lambun mutum ɗaya ba.

Ƙasar da ta fi kowa nuna wannan ita ce Bangaladash. A 1988, bayan ambaliyar da ta halaka shanun noma masu yawa, gwamnatinta ta sassauta haraji da ƙa'idojin shigo da ƙananan injuna, taraktoci masu ƙafa biyu na Sin suka kwararo. Yau mafi yawan ƙasar nomansu inji ke kafce ta, alhali gonakinsu ƙanana ne kamar namu ko ma ƙasa da haka. Amma yawancin manoman ba su mallaki injin ba. Mutum ɗaya ne a ƙauye ke saye, ya gama tasa, ya bi na maƙwabta ana biyan sa. A nan gida ma kamfanin Hello Tractor, wanda Jehiel Oliver ya kafa a 2014, da irin wannan tarakta mai ƙafa biyu ya fara, kafin ya karkata ga haɗa masu tarakta da manoman da ke neman haya ta wayar hannu. A Filato akwai cibiyoyin ASTC da gwamnatin Jonah Jang ta kafa a Kassa da Mangu da Shendam don hayar tarakta da horar da manoma, sai dai babbar tarakta ta mai faffaɗar gona ce. Ba ta da hanyar sauka fadamar Dilimi, in ma ta sauka ba ta da wurin juyawa. Gurbin da ke tsakanin garmar hannu da babbar tarakta har yanzu a buɗe yake, kuma sana'a ce da ke jiran matasan da suka riga suka san lambu.

Akwai kuma batun mallakar ƙasa. Da yawa daga cikin masu lambun Jos haya suke yi ko aro na rani guda, mai gona ya karɓi abarsa da damina ya shuka masara ko acca. Gine-gine kuma na cin filayen bakin gari kowace shekara. Wanda bai da tabbacin inda zai yi lambu baɗi, ya yi tunanin injin da zai shiga bayan Keke Napep, ya bi siririyar hanya tsakanin duwatsu, ya kuma dawo gida da yamma, domin ba a barin inji ya kwana a lambu. Wannan ma na rinjayar da mutum ga na fetur.

Sai abin da injin ke yi wa ƙasa, wanda mai sayarwa ba zai taɓa ambata ba. Wuƙaƙen ba sa wuce zurfin santimita 10 zuwa 15 a yawancin ƙasa, kome aka rubuta a kwali. Kullum kuma a wannan zurfin suke dukan ƙasa suna shafe ta, har a hankali wani dandaɓe mai tauri ya kafu a ƙarƙashi. Latas da kabeji ba su damu sosai ba. Karas kuwa da ya kai nan sai ya lanƙwashe ko ya yi rassa, kuma duk wanda ya taɓa kai irin wannan Kwararafa ya san yadda dillali ke kallon sa. Maganin shi ne a riƙa sauya zurfi, a kuma fasa ƙasan da diga ko babbar garma bayan shekara biyu ko uku, mai karas kuma ya tara ƙasa ya ɗaga wurin shukarsa. Yawan bi ma illa ne. Ƙasar da aka niƙe ta zama gari tana da kyaun gani ranar farko, amma da an sake mata ruwa sai ta yi ɓawo a sama, ƙananan iri irin na karas da latas su kasa fasowa. Bi biyu ya isa, a bar ta da 'yan ƙananan hoge.

Damshi ma sai an lura. Busasshiyar ƙasa na cinye wuƙaƙe, jiƙaƙƙiya kuma na dunƙulewa ta bushe kamar tubali. A ba ta ruwa, a jira kwana biyu ko uku, a damƙi ƙasar a hannu: in ta dunƙule amma ta watse da an taɓa ta da yatsa, lokaci ya yi.

Ciyawa kuwa iri biyu ce a wurin wannan inji. Mai fitowa daga iri yana kashe ta ya binne ta ta zama taki. Mai yaɗuwa ta saiwa, irin su aya-aya da ƙiri-ƙiri da tofa, yana daddatsa ta ne ya watsa ko'ina, kowane guntu ya tsiro da kansa. Lambun da aya-aya ta kama lungu ɗaya, bayan rani biyu na inji sai ta mamaye shi duka. Irin wannan wuri a fara tone shi da hannu a tsince saiwoyin a shanya su a rana kafin inji ya shiga. Haka cututtukan da ke zaune a ƙasa, irin mai sa tumatir da dankalin Turawa su yi yaushi farat ɗaya, da tsutsar da ke sa saiwa ƙulli-ƙulli: suna bin ƙasar da ta manne a wuƙaƙe daga lambu zuwa lambu. Wanda ya kira injin haya ya tsaya a wanke shi a gabansa kafin ya shiga, ruwa dai ga shi nan a tiyo.

Akwai wata al'ada ta masu lambun Jos da ta shafi wannan magana kai tsaye. Sun daɗe suna sayen tokar bola daga cikin gari suna haɗa ta da kashin kaji da takin zamani, abin da wata mai bincike daga Jami'ar Durham ta Ingila, Margaret Pasquini, ta yi nazari a kansa a lambunan Dilimi a farkon shekarun 2000. Tokar na gyara ƙasa mai tsami irin ta tsaunin, amma tana zuwa da leda da tsumma da waya da fasassun kwalabe. Mai garma yana gani ya tsince. Inji kuwa naɗe su yake yi a sandar wuƙaƙe, leda da waya su ci sil, man akwatin giya ya tsiyaye ba a sani ba, sai an ji ƙara. Ƙasar da ta sha tokar bola shekaru tana bukatar a bi ta da manjagara tukuna, a kuma riƙa kashe inji ana warware abin da ya naɗe.

Kada kuma a ɗauka injin zai sallami 'yan ƙwadago gaba ɗaya. Yana marmashe ƙasa ne kawai. Yanka fangali, ɗaga gefensa, daidaita cikinsa yadda ruwa zai kwanta ko'ina, fitar da magudana, duk suna nan a hannun mai garma. Masu dankalin Turawa da ke shuka a kunya sun fi morewa, domin ana ɗaura wa injin ƙaramar garmar huɗa a baya, sai dai a tabbatar an haɗo ta da ƙafafun ƙarfe tun a shago.

Ranar saye a tafi da bakanike, kuma in da hali a nemi a gwada injin a ƙasa irin ta lambunka, domin a kan siminti kowane inji lafiyayye ne. Na hannu da ake kawowa daga Turai ko Japan, irin su Honda da Kubota, ƙarfensu ya fi, amma in wuƙaƙensu ko giyarsu ba su da na canji a nan, ranar da suka tsaya sun tsaya ke nan. Sabo daga kwali yakan zo ba mai a cikin injin, wani lokaci har da akwatin giya, kuma an sha ƙona sabon inji a awar farko saboda wannan. A zuba, a juye na farko bayan awa 20 na aiki, daga nan kowace awa 50 tunda cikin ƙura ake. In za a jingine shi, a rufe fetur a bar shi ya shanye na cikin kafireta. Wajen aiki kuma ba babbar riga, ba silifa, ba yaro a gaba. Hannun kulocin da ke tsayar da wuƙaƙe da an sake shi, kada a ɗaure shi da roba don hannu ya huta, kamar yadda wasu ke yi. Munanan raunuka da yawa a giyar baya suke faruwa, lokacin da mutum ya yi tuntuɓe injin ya biyo ƙafarsa.

Hukuncina shi ne wannan. Mai lambun da bai kai rabin hekta ba kada ya saya shi kaɗai: ya yi haya, ko su haɗu su huɗu ko biyar da ke shan kududdufi ɗaya su sayi na fetur mai doki 7, su damƙa shi a hannun mutum ɗaya da zai riƙa tuƙa shi, kowa ya biya kuɗin aiki ko da yana cikin masu shi, a ware na gyara tun daga ranar farko. Injin da kowa ke tuƙawa ba ya ganin rani na biyu. Mai hekta ɗaya zuwa biyu a ƙasa mai laushi ya sayi wannan na fetur ɗin, mai giyar baya da matatar mai. Wanda ke kan ƙasar kuza ko jar ƙasa mai nauyi, ko wanda zai mayar da abin sana'a, ya ɗauki dizal 186F, ya kuma nemi masu lambu goma da za su ba shi aiki kafin ya biya kuɗin.